Yadda Muka Dasa Furen Anti Kamar Dawa

A shekarar da korona ta kulle mu a gida ina da shekara goma sha huɗu, kuma na gama kallon duk abin da ido zai iya kalla a gidanmu. Na san tsakar da ke bayan agogon falo, na san mijinta, na san ranar da suka yi faɗa ta yi yaji ta koma bayan firji. Muna zaune a hawan ƙasa na wani dogon bene a Pantai Dalam, cikin Kuala Lumpur, ni da Umma da Abba, wanda aka turo daga Kano ya yi digiri na uku a kan wutar lantarki. Makaranta ta koma cikin waya. Malama tana can tana ta bayani, ni kuwa na kashe kyamara na kafa haɓa a taga.

Tagar tana kallon ƙofar maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce 'yar asalin Sin, gajeriya, gashinta fari fat. Muna ce mata Anti, kamar yadda ake ce wa kowace babbar mace a can. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo ƙasar, ɗanta kuma yana aiki a wani gari mai nisa. Tukwanen fure sun cika mata bakin ƙofa, ja da ruwan ɗorawa da wasu masu ganye kamar kunnen giwa. Amma akwai ɗaya da ta ware a ƙarƙashin matakala, inda rana ba ta kai wa, a kan bulo biyu, tukunyar kuma zaune cikin baho mai ruwa. Shi ne mafi muni a cikinsu. Kara biyar ne tsaye, da ganye masu baki kamar zarto, babu fure babu komai. Da a Kano ne akuya ma sai ta yi shawara kafin ta ci. Duk da haka shi take fara gaisarwa da safe. Ta zubar da ruwan bahon ta sa sabo, wata rana idan zafi ya yi yawa har ƙanƙara take jefa masa, kamar wani babban baƙo da ya zo shan lemo.

Wata safiya na kasa daurewa, na ɗaga murya ta cikin takunkumi.

"Anti, wannan me yake haifa?"

"Fure."

"To ina furen?"

"Jira lah," in ji ta, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar suke liƙa wa ƙarshen magana.

"Anti, tun da muka zo nake jira. Har na yi tsayi."

Ta yi dariya, ta matso daidai inda doka ta yarda a matso. Ta ce furen fari ne, kuma kamarsa ɗaya da kan kunkuru in ya leƙo daga ƙwaryarsa da baki a ɗan buɗe. Ta ce ba ɗan ƙasar ba ne, asalinsa daga wata ƙasa mai sanyi yake. Mijinta ya samo shi a wajen wani abokinsa mai lambu a kan duwatsu, ya rungumo shi a cinya cikin bas tun daga can har gida. Kowa ya ce ba zai yi wata guda a zafin birni ba. Ga shi mai kawo shi ya tafi, shi yana nan. Wata shekara ya yi fure, wata shekara ya ƙi.

"Yana da ido?"

"Ba shi da ido."

"Yana cizo?"

"Masu yawan tambaya kawai yake ciza."

Daga ranar ba ni da wani aiki sai wannan shuka. Kuma a shekarar ya ga dama. A saman kowane kara wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore suka fito, suna kumbura a hankali, bakinsu ya fara fari. Anti ta ce saura kamar mako guda.

Kwana biyu bayan haka motar asibiti ta tsaya a ƙofar bene. Mutum biyu suka fito cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Na san Anti tana tari, ina jin ta ta bango, amma ban ɗauka ya kai haka ba. Aka fito da ita a kujera mai taya, da 'yar jaka a cinyarta. Umma tana tsaye a bayana tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Da suka zo daidai tagarmu Anti ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta nuna ƙarƙashin matakala, sannan ta nuna ni.

"Yarinya, ki kula min da shi."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan kafin tari ya sarƙe ta. Umma ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin dai ji. Amana ce aka ba ki, ba wasa ba."

Na riƙe amanar nan da kyau har tsawon kwana ɗaya da rabi.

Abin da ya faru shi ne, ƙarƙashin matakala duhu ne, ni kuma ina so in ga ko bakin kunkurun ya fara buɗewa. Ban yi niyyar taɓa komai ba. Cewa na yi bari in ɗan karkato tukunyar wajen haske, kaɗan kawai. Ashe gindinta ya yi gansakuka, santsi kamar sabulu. Ta zame daga hannuna, ta ture bahon, ta sauka daga kan bulo, ta fashe da ƙarar da na tabbata an ji ta har can unguwar Brickfields. Na tsaya cikin ruwa da laka, ga shuka kwance a ƙasa, saiwoyinta farare a waje, a nannaɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya.

Abba ya fara fitowa, da tabarau a goshi. Umma na biye da shi da ludayi.

"Mage ce," na ce. "Wata ƙatuwar mage. Ban taɓa ganin irinta ba."

Umma ta dube ni daga sama har ƙasa. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana, "ke" kawai take cewa, amma tana da "ke" kala-kala, kuma na ranar ba mai daɗi ba ne.

"Ke. Magen nan silifa ɗina ta saka?"

Na duba ƙafata. Silifa ɗin Umma ne, sun yi dumu-dumu da laka.

Abba bai kula da shari'ar ba. Ya riga ya tsuguna a gaban shukar, fuskarsa ta yi wani haske da rabon da in gani tun kafin kulle. Abba ɗan manoma ne. A ƙauyensu gero ake nomawa da dawa da gyaɗa, a tudu, cikin jan yashi, kuma ko da yake rabonsa da fartanya ya fi shekaruna, a bakinsa jiya ya dawo daga gona. A bayan benen akwai wani siririn fili da 'yan hawan ƙasa suka rarraba, namu yana daidai ƙofar kicin. Abba ya taɓa shuka tumatir a wurin, ruwan sama ya ruɓar da shi. Ya shuka albasa, ta ruɓe. Takalminsa na zuwa taro ma ya yi fumfuna a cikin kabad. Tun daga nan ya yanke hukunci cewa babban maƙiyin kowane abu mai rai a Malesiya ruwa ne.

Ya ɗaga bahon da yatsa biyu.

"Dubi wannan. A jiƙa shuka cikin ruwa dare da rana kamar wanki? Ga sauro, ga zazzaɓin dengi. Baiwar Allah, tsufa ne. Mamana, kwantar da hankalinki. Allah ne ya turo magen nan. Yau za ki ga yadda ake dashe."

Mamana yake ce min saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na so in ce masa Anti ba mantuwa take ba, kullum sabon ruwa take sawa, har da ƙanƙara. Amma wadda aka kama da silifa a ƙafa ba ta da bakin koyar da noma. 

Aka jira la'asar, don Abba ya ce ba a dashe da rana tsaka. Ba mu da fartanya, sai ya ɗauki tsohon cokalin tuwon Umma na ƙarfe da murfin tukunya. Ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina samun rana, ya ce shuka ba ta girma a duhu. Ya kawo yashin da magina suka bari a gefen katanga ya gauraya da ƙasar. Sannan ya yi huɗa, ya tayar da kunya guda ɗaya, doguwa, mai tudu, irin wadda ake yi wa gyaɗa don ruwa ya gangare ya bar saiwa. Ni dai a idona ta kai tsayin gwiwata. Mutanen hawa na biyu da na uku suka fito baranda suna kallo, don a lokacin kulle ko ganye ne ya faɗo sai an fito an gani. Wani dattijo daga sama ya tambaya ko wani abu ne ya mutu za mu binne.

Abba ya kakkaɓe tsohuwar ƙasar daga saiwoyin tas, ya ce ta yi tsami. Ya kafa shukar a ƙololuwar kunyar, ya danna da dunduniya. Sai ya miƙo hannu.

"Ba ni wuƙa."

"Abba, wuƙar me?"

"In za a dasa dawa ko gero, sai an yanke saman ganyen. In ba haka ba ganye ya shanye ƙarfin, saiwa ta kasa kamawa. Kowane yaro a garinmu ya san wannan."

"Abba, furen a saman yake! Kunkurun!"

"Wani zai fito."

Na juya wajen Umma neman ceto. Tana bakin ƙofar kicin ta harɗe hannu.

"Malam, wannan fa ba dawa ba ce."

"Shuka duk shuka ce."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Umma, ta shige ciki.

Sara biyar ya yi. Kawuna biyar suka faɗo kan yashi. Na tsince su na shiga ɗaki na ɓare ɗaya da farce don in ga ko kunkurun na ciki. Babu komai sai wani ɗan farin abu a naɗe, kamar auduga jiƙaƙƙiya. Na ɓare sauran huɗun ma, ko da ɗaya zai fi ɗaya wayo. Duk ɗaya suke.

Aka sa ni share ɓarnar da magen ta yi. Na kwashe fasassun tukunyar da baƙar ƙasar da Abba ya kakkaɓe, har da wani ɗan guntun saiwa da ya ɓalle, na kai can ƙarshen fili na zubar a gindin bango, kusa da kwata, inda na'urorin sanyaya ɗaki na mutanen sama suke ɗigo da ruwa ba dare ba rana. Ba wanda ke zuwa wurin, kullum a jiƙe yake, ga inuwa.

Washegari aka yi ruwan sama irin na Kuala Lumpur, wanda ke sauka kamar ana juye randa. Abba ya fita a guje da lema ya tsaya a kan shukar. Yana tsaye yana jiƙewa, shukar na bushe. Da ruwan ya ɗauke ya samo sanduna huɗu da faffaɗar leda mai haske ya yi mata rumfa. Ya kafa doka: kofi ɗaya da safe, ba ƙari. Ya rubuta ya liƙa a jikin firji.

To ka ji yadda aka yi a birnin da ake ruwa kusan kullum, aka samu wuri ɗaya tak da fari ya sauka, kuma a bayan kicin ɗinmu yake. Ledar tana tara zafi kamar tanda. In na zuba kofin nawa, yashin ya shanye kafin in miƙe. Ranar farko ganyen suka sunkuyar da kai. Abba ya ce haka dashe yake, sai ya yi yaushi kafin ya kama. Rana ta uku suka kwanta a jikin karan. Abba ya ce yana hutawa ne. Rana ta biyar bakin ganyen ya ƙone, in ka taɓa sai ya yi ƙara kamar takarda. Abba ya tsaya a kansa da hannu a baya ya ce wataƙila kofin ya yi girma.

Nan ne abin ya daina ba ni dariya. Ba mu da labarin Anti. Ba mu da lambar ɗanta, wayarta kuma a kashe. Kullum Abba yana karanta mana labaran waɗanda cutar ta kashe, kullum Umma tana cewa ya bari mu ci abinci tukuna. Ina kwance sai in riƙa tuna mutumin da ban taɓa gani ba, zaune cikin bas da tukunya a cinya, yana kare ta da hannu in an taka burki. Shekara da shekaru matarsa tana raya abin nan da ruwa da ƙanƙara, ni kuma na gama da shi a mako guda. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, ta dawo ta tarar da busasshen kara, ko kada ta dawo gaba ɗaya. Na fara satar ƙara masa kofi biyu in Abba ya shiga wanka, amma yashin nan ko bokiti aka ba shi ba ya godiya.

A rana ta takwas iska ta ɗauke ɗankwalin Umma daga igiyar shanya ta jefa shi ƙarshen fili, aka aike ni. Na sunkuya zan ɗauka a gindin bangon nan, sai na ga wani abu kore tsakanin fasassun tukunyar. Toho biyu ne, gajeru, masu ƙiba, ganyensu da baki kamar zarto. Na tone gefe da yatsa. Guntun saiwar da na zubar ne. Ba wanda ya dasa shi, ba wanda ya yi masa rumfa, yana kwance cikin taɓo ruwan na'ura yana ɗiga masa a ka, kuma ya fi kowa a benen nan ƙoshin lafiya.

Na manta da ɗankwalin. Na je kan kunyar Abba na tura yatsa, ƙasa da zafi, a bushe har ƙasa. Na dawo na tura a gindin bango, sanyi, ruwa ya taso ya zagaye yatsan. Na yi haka ya fi sau biyar, ina kai da kawowa, har dattijon sama ya tambaya ko motsa jiki nake. Sannan na ja Umma da hannu.

Ta tsuguna, abin da ban taɓa ganin ta yi a filin nan ba. Ta shafa ganyen, ta damƙi ƙasar ta matse, ta shinshina.

"Ikon Allah. Ai wannan ɗan fadama ne."

"Mene ne ɗan fadama?"

"Ke da aka raina a kan siminti ina za ki sani. Akwai shukar tudu, akwai shukar fadama. Gero da gyaɗa ba sa son ƙafarsu cikin ruwa. Rake da gwaza kuwa in ka raba su da laka ka kashe su. Kakata a fadama take lambu, ni na sha bin ta. Tun ranar da na ga farar saiwar nan mai taushi zuciyata ta ba ni, amma ubanki ya riga ya ɗauki murfin tukunya."

"To Umma ki gaya masa mana!"

"Na gaya masa ba dawa ba ce, kina wurin. Yanzu ke za ki je. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ce akwai abin da ba ki gane ba, ya zo ya yi miki bayani."

Haka na yi. Na same shi a gaban kwamfuta na ce, "Abba, wani abu ya ɗaure min kai, kai kaɗai za ka iya warware shi." Ba a taɓa gaya wa Abba wannan magana ya zauna ba. Ya biyo ni har gindin bango. Ya dubi tohon. Ya waiwaya ya dubi kunyarsa da rumfarta. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. 

"To," in ji shi. "Wannan shi ake kira gwaji. An sa abu a wuri biyu, an ga sakamako."

"Malam, wa ya sa na biyun?" in ji Umma daga baya.

"Ba wannan ne muhimmi ba."

Da la'asar aka sake dashe, amma wannan karon Umma ce da cokalin. Ta tuɓe silifa, ta ɗaure zani, ta shiga taɓo da ƙafa. Ta sa na tsince fasassun tukunyar. Ta haƙa rami mai faɗi, ba mai zurfi ba, ɗan nesa da tohon don kada su takura juna. Ta sa Abba ya kawo ruwa bokiti guda ta juye a ramin har ya zama kunu. Na ga Abba ya runtse ido. Kafin a taɓa shukar ta sa aka jiƙa kunyar sosai, sannan ta zagaye ta da cokali daga nesa, ta ɗago ta da ƙasarta gaba ɗaya a tafin hannu biyu, ba kakkaɓewa. Ta zaunar da ita daidai zurfin da take a da, ta tura laka da yatsu, ba dunduniya. Ta sa na tattaro busassun ganye daga ƙarƙashin bishiyar bakin katanga muka rufe gindin. Tana yi tana ba ni labarin yadda tsutsar ruwa ta taɓa maƙale mata a ƙafa a lambun kakarta, ta yi ihun da ya tara rabin gari. Ban taɓa sanin Umma ta iya ihu irin na tsoro ba, na ɗauka nata duk na faɗa ne.

Abba ya tsaya riƙe da bokiti. Ya ce ko za a ɗan yi mata rumfa. Umma ta ci gaba da rufe gindin.

Kara uku ba su tashi ba. Suka yi baƙi, suka bushe, Umma ta cire su. Biyun da suka rage suka yi kwana da kwanaki kamar ba su yanke shawara ba. Kullum da safe kafin a buɗe aji ina can tsugune, da rula ta lissafi, ina auna abin da ba ya motsi. Sai wata safiya na ga a ƙasan inda wuƙa ta yanka, a hammatar ganye, wasu 'yan kore biyu sun leƙo, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗaya karan ma haka. Na yi ihun da dattijon sama ya yar da kofinsa.

An fi wata guda kafin Anti ta dawo. Ɗanta ne ya kawo ta, da takardar izinin ƙetare gari. Ta rame har rigarta ta yi mata yawa, tana dogara sanda, in ta yi taku biyar sai ta tsaya ta yi numfashi. Umma ta ɗora mata farfesun kaza. Anti ba ta ko shiga gida ba, ta tsaya tana kallon ƙarƙashin matakala, inda babu komai sai bulo biyu.

Na fito da takunkumi.

"Anti, yana baya. Yana da rai. Amma ni na fasa tukunyar. Na karkato ta ne don in ga furen."

Ta dube ni ta daɗe.

"Tukunyar nan ta girme ki."

"Na sani, Anti. Ki yi haƙuri."

Ba ta ce ta haƙura ba. Cewa ta yi in wuce gaba.

Tafiyar da nake yi da tsalle uku ta ɗauke mu kamar rabin yini. Ɗanta yana riƙe da gwiwar hannunta, Abba da Umma suna biye daga nesa. Muka wuce kunyar, wadda Abba bai rushe ba, ta tsaya ta dube ta.

"Wannan kuma kabarin wa?"

Abba ya yi gyaran murya. Ya ce a nan aka fara sa shi, bisa tsarin noman garinsu. Anti ta dubi tudun yashi, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce, "Aiyo," ta ci gaba da tafiya.

A gindin bango ta sa ɗanta ya kawo kujera. Ta zauna, ta sunkuya a hankali, ta ƙirga. Kara biyu, kowanne ya rabu biyu, ga toho biyu a gefe da suka kusa kamo su. Ta kama inda aka yanke.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne," in ji Abba, da murya irin ta ɗan aji ɗaya.

"Ka yanke furen bana. Amma yankan ba laifi ba ne, mijina ma yakan yi in ya yi tsayi da yawa, sai ya yi rassa. Lokacin ne ba daidai ba. Wancan tudun kuwa, da ya ƙara kwana biyu a kai, da shi ke nan."

Abba rabin farko kawai ya ji. Ya juya wajen Umma, ƙirji a gaba.

"Kin ji ko? Yankan ba laifi ba ne."

"Na ji har ƙarshe, Malam."

Na tambayi Anti ko mu nemo wata tukunya mu mayar mata da shi ƙarƙashin matakala. Ta danna babban yatsanta a ƙasar, ruwa ya taso. Ta ɗaga kai ta dubi inda yake ɗigowa. Ta ce hannunta ba zai ƙara iya ɗaga baho kullum ba, kuma shukar ta sha wahalar tafiya ta isa haka. A bar ta nan.

Daga nan sai ta manta da mu. Ta matsar da kujerar gaba, ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsunta, ta fara yi masa magana da yarensu. Doguwar magana ce, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa ta yi numfashi ta ci gaba. Ɗanta ya juya mana baya yana kallon katanga. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma duk jikina yana so ya san me take cewa. Na buɗe baki, Umma ta matse min hannu da ƙarfi. Muka koma ciki muka bar su.